Yadda ake gano abin da ke kashe kwamfuta idan aiki ya yi mata nauyi

Akwai kwamfutar da za ta yini lafiya lau ana buga takardu a Word, amma da an ba ta bidiyon biki ta haɗa, ko ɗalibi ya buɗe AutoCAD ko QGIS, ko yara sun hau wasan ƙwallo, sai ta mutu ɗif. A kunna, ta tashi kamar ba abin da ya faru. A sake ɗora mata aikin, ta sake mutuwa. Abin da aka fi yi a nan Damagaram shi ne a ce a goge Windows a sake zubawa. Mutum ya biya kuɗi, ya rasa rabin kayansa, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin tun farko ba a Windows take ba. Na'urar da ke mutuwa sai a lokacin aiki mai nauyi, galibi ɗaya daga cikin abu biyu ke damunta: ko zafi ya kai inda take kashe kanta don kada ta ƙone, ko wutar da take samu ba ta isa abin da take ja ba. Sauran dalilan suna nan, amma a bayan waɗannan suke. Ga yadda ake bi, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa wanda sai an taɓa aljihu. Sharaɗi ɗaya ne: abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, ka gwada, sannan ka wuce.

Mataki na 1: kwashe kayanka, sannan ka lura da yadda take mutuwa

Kafin komai, kwafe ayyukanka zuwa wani faifai na waje. Duk mutuwar bazata tana iya lalata fayil ɗin da ke buɗe, kuma gwajin da za mu yi zai sa ta mutu da gangan.

Yanzu ka sa mata aikin da ke kashe ta, ka duba agogo. Idan karon farko ta yi minti ashirin, ka kunna nan take ta yi biyar, na uku ko biyu ba ta kai ba, wannan zafi ne: ƙarfen bai huce ba ka sake ɗora masa. Idan kuwa da sanyin safiya, na'ura ba ta ko ɗumama ba, tana mutuwa a daidai daƙiƙar da aikin ya fara, ka fi zargin wuta. Idan ba ta da lokaci, yau minti uku gobe awa biyu, hankalinka ya tafi wajen RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe aikin da take kai) ko wutar bango.

Ka kuma duba irin mutuwar. Komai ne ya ɗauke, fitila da fanka duka? Ko sake tashi take da kanta? Ko allo ya daskare, sauti ya maƙale yana maimaita kansa? Ko kuwa tana rufe manhajoji ɗaya bayan ɗaya cikin tsari kafin ta kashe? Wannan ta ƙarshen ba faɗuwa ba ce, umarni aka ba ta: ko batir ya ce ya ƙare, ko wata manhaja an saita ta ta kashe na'ura idan ta gama aiki. Wasu manhajojin haɗa bidiyo da na sauke fayil suna da wannan zaɓin.

Mataki na 2: duba abin da Windows ta rubuta

Tunda wasu Windows ɗinsu da Faransanci take, wasu kuma na'urar daga Kano ta zo da Turanci, zan ba da abin da ake bugawa, wanda bai canjawa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka buga eventvwr.msc. A ɓangaren rahoton tsarin na'ura, nemo jan layi mai suna Kernel-Power, lamba 41. Mutane da yawa suna ganin wannan su ɗauka sun kama ɓarawo. Ba su kama ba. Lamba 41 abin da kawai take cewa shi ne na'ura ta mutu ba bisa ƙa'ida ba. Amfaninta yana cikin bayaninta, a layin BugcheckCode. Idan sifiri ne, Windows ba ta samu ko damar yin kuka ba, wato an yanke mata wuta ne ko ta daskare, kuma hakan ya fi kama da zafi ko wuta. Idan akwai wata lamba, to shuɗin allo ne ya faru, ya wuce da sauri ba ka gani ba.

Don ka gan shi, buga sysdm.cpl, shiga shafin saituna na ci gaba, ɓangaren tashi da farfaɗowa, ka cire alamar da ke kan sake tashi kai tsaye. Nan gaba allon zai tsaya, ka ɗauki hotonsa da waya. VIDEO_TDR_FAILURE na nuna katin hoto (sashen da ke zana abin da kake gani a allo) ko direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa kayan cikin na'ura ne da kansu ke kuka: furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar), zafi, ko wutar da ba ta tsaya daidai ba.

Mataki na 3: auna zafin, kada ka yi ƙiyasi da tafin hannu

Sauke HWiNFO ko HWMonitor, duk kyauta ne. Na fi son HWiNFO saboda abu ɗaya: a tagar ma'aunai akwai maɓallin da ke rubuta duk abin da yake gani cikin fayil, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Idan na'ura ta mutu, ka kunna, ka buɗe fayil ɗin da Excel, ka sauka layin ƙarshe. Nan za ka ga zafin da take ciki lokacin da ta faɗi.

Yawancin furosesa na Intel iyakarsu tana wajen digiri 100, na AMD Ryzen da yawa 90 zuwa 95. Idan suka kusa nan sukan fara rage gudu da kansu, shi ya sa kafin mutuwar kake jin na'ura ta yi nauyi, fanka na ihu. Idan rage gudun bai isa ba sai a yanke wuta. Kwamfutar tebur mai lafiya bai kamata ta wuce 85 a kan aiki ba. Ta hannu siririya takan taɓa 90 ba laifi. Amma wadda ke haurawa daga 55 zuwa 98 cikin 'yan daƙiƙu, ƙarfen sanyayarta bai zauna a kan furosesa yadda ya kamata ba.

A nan dole a yi maganar garinmu. Masu ƙera kwamfutar hannu da yawa suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da ita. A Afrilu da Mayu, Damagaram na wuce 40 a inuwa, balle shago mai rufin kwano da azahar. Wato tun kafin ƙura ta sa hannu, na'urar ta riga ta fita daga abin da aka ƙera ta a kai. Don haka kwamfutar da ta yi aiki lafiya a Janairu ta fara mutuwa a bazara ba wani sabon ciwo ta kamu da shi ba.

Gwaji mai sauƙi: buɗe murfin gefe na kwamfutar tebur, ka juyo mata fankar ɗaki kai tsaye. Ta hannu kuma ka ɗaga bayanta da littafi biyu, ƙasanta a buɗe, fanka na bugawa. Idan aikin da ke kashe ta ya kai ƙarshe, ka samu amsa: zafi ne.

Don raba laifi tsakanin furosesa da katin hoto, gwada su daban. Cinebench ko Prime95 furosesa suka fi matsa wa, FurMark katin hoto kaɗai, OCCT kuma yana iya haɗa su biyun. Ka tsaya a gabanta, ido a kan ma'auni, ka tsayar idan ta kai 95. Idan kowanne shi kaɗai ya wuce lafiya, amma da an haɗa su ta mutu alhali zafi bai kai ba, tsallake zuwa mataki na 5 da na 6.

Mataki na 4: shara da canjin man sanyaya

Kashe na'ura, cire waya daga bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma sha biyar. A ta hannu, da ka buɗe murfin ƙasa, abu na farko shi ne zare wayar batir daga babban allo, wato faffaɗan falan cikin na'ura da duk sassa ke haɗe a kai. Idan lokacin hunturu ne, taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka sa hannu ciki, kuma kada ka yi aikin a kan bargo. Wannan ɗan tartsatsin da kake ji idan ka gaisa da mutum a busasshen yanayi ya isa ya kashe RAM. Ɗauki hoto kafin ka kwance kowane noti, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana huda babban allo.

Inda mutane ke kuskure shi ne su hura iska daga waje su ce sun share. Dattin da ke kashe kwamfutar hannu ba a kan fuka-fukan fanka yake ba. Kwance fankar ka ɗaga ta, ka leƙa tsakaninta da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu. Nan za ka tarar da ƙurar hunturu ta haɗu da zaren tufafi da gashi ta zama wani ɗan ƙyalle mai launin toka, mai kauri, wanda za ka iya kama gefensa da hantsaki ka ɗago shi gaba ɗaya kamar ɓawon tuwo daga gindin tukunya. Fanka tana juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta da hanyar fita. Bayan ka cire shi, bi haƙoran da burushi mai laushi, ka ɗaga su wajen haske: sai ka ga haske ta kowane tsakani.

Idan za ka hura, riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Kada ka hura da baki. Kada kuma ka kai wa mai faci ya buga mata iskar taya, wannan iskar tana ɗauke da ruwa da mai.

Sai man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda masu gyara ke kira pat. A na'urorin hannu da ake kawowa daga Turai, sau da yawa tun na masana'anta ne, ya bushe ya tsattsage. Notocin ƙarfen suna da lamba a jikinsu. Sassauta su kaɗan-kaɗan a jere, ka ɗan murɗa ƙarfen a hankali kafin ka ɗaga, kada ka fizge. Goge tsohon man daga fuska biyun da ƙyalle mai tsabta da alkol na 90 ko sama, ka bari ya bushe. A furosesar tebur, ɗigo ɗaya girman ƙwayar wake a tsakiya ya isa. A ta hannu, ƙasa da haka, a shafe fuskar duka siriri. Ɗaure notocin bisa lambarsu, kowanne rabin juyi, ka zagayo, har su zauna. Idan akwai wasu 'yan faifan roba masu laushi a kan ƙananan sassa, bar su a inda suke. Idan sun yage, a nemo masu kaurin daidai da su. Man goge baki ba ya maye gurbin wannan man, duk abin da ka gani a bidiyo.

Abu biyu da ake mantawa. A kwamfutar tebur mai fankar Intel ta asali, ƙafafun roba huɗu ke riƙe ta, kuma ɗaya takan karye ko ta fita, ƙarfen ya karkace. Girgiza ta kaɗan, bai kamata ta motsa ba. A ta hannu kuma, bututun jan ƙarfen nan da ke ɗauke zafi yana iya mutuwa. Alamarsa: wajen furosesa ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, ƙarshensa na wajen fanka kuma da ɗan ɗumi kawai. Wannan sai canji.

Daga yau kuma kada a ɗora ta a katifa, darduma ko cinya ana aiki mai nauyi, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Mataki na 5: wutar bango

Wutarmu 220 ce, amma ba kullum take cika ba, musamman da dare a bazara lokacin da kowane gida ya kunna abin sanyaya, ko idan maƙwabcinka mai walda ne. Cajar kwamfutar hannu, wadda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinta, ba ta cika damuwa da wannan ba. Kwamfutar tebur mai arhar akwatin wuta (akwatin cikinta da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sassa) kuwa tana ji. Idan fitilar ɗaki na dusashewa a lokacin da take mutuwa, ka san inda za ka duba.

Fara da abin da ke gabanka. Cire ta daga wayar ƙari, ka soka kai tsaye a bango, ita kaɗai. Duba bakin soket ko ya yi baƙi ko ya narke. Na'urorin da suka shigo ta Najeriya kan zo da kai mai ƙafa uku masu kusurwa, mu kuma namu ramuka zagayayyu ne, sai a haɗa da ɗan adafta mai lilo wanda ko tebur aka taɓa yana tartsatsi. Sayi wayar wuta mai kai irin namu, ka huta.

Idan kana da na'urar riƙe wuta (UPS, mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta), karanta jikinta. Lambar VA ba wat ba ce: mai 650 VA abin da take iya ɗauka bai cika wuce wat 360 zuwa 390 ba. Kwamfuta mai katin hoto, da allonta, tana iya wuce haka a kan aiki, sai na'urar ta yi ƙara ta yanke. Batirin cikinta ma zafi na cinye shi da wuri. Cire ta daga layi ka gwada ba tare da ita ba. Haka mai aiki da sola ko janareta: ƙananan na'urorin juya wutar batir masu arha ba sa ba da wuta mai santsi, kuma wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da ita. Kai kwamfutar wani gida mai wutar gari ka yi gwajin a can.

Mataki na 6: caja, batir da akwatin wuta

A kwamfutar hannu, juya ta ka karanta abin da take buƙata, ka kwatanta da na jikin caja. Ninka volt da amfiya ka samu wat: 19.5 sau 3.33 ya ba da kusan 65, 19.5 sau 4.62 ya ba da 90. Na'urar da ke son 90 aka ba ta 45 don kawai bakin ya shiga, za ta yi rubutu lafiya, amma a kan aiki mai nauyi sai ta riƙa cike gibin daga batir, idan batirin ya gaji ta faɗi. Cajar jabu kuma abin da aka rubuta a jikinta ba shi take bayarwa ba. Yawanci za ka ji ta ba nauyi a hannu, tana zafi sosai. Ari ta asali wajen mai irin na'urarka ka gwada.

Don batir, danna maɓallin Windows tare da R, buga cmd, a baƙar tagar da ta buɗe ka buga powercfg /batteryreport. Fayil ɗin da zai fito yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Idan ya sauka ƙasa da rabi, ko na'ura na mutuwa alhali tana nuna saura kashi 40, batirin ya gama. Idan ka ga wajen shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura. Daina caji, a cire shi, kada a huda, kada a jefa a wuta.

A kwamfutar tebur, akwatin wuta ne babban abin zargi. Kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Duba layin 12V a takardar da ke manne, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Akwatin da aka rubuta wa 450 amma layinsa na 12V amfiya 18 ne, wat 216 kawai yake da shi a inda ake buƙata. Ƙananan kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex sirara, waɗanda suka cika shagunan buga takardu, akwatinsu yakan kasance tsakanin wat 180 da 255. An ƙera su don aikin ofis. Idan aka cusa musu katin hoto mai ci don a yi wasa ko haɗa bidiyo, abin da zai biyo baya ke nan. Ramin katin kansa wat 75 yake bayarwa, waya mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 ta ƙara 150. Daga nan za ka iya lissafa abin da katinka ke iya ja.

Danna kowace waya ta zauna: babbar mai baki 24, ta furosesa mai baki 4 ko 8, da ta katin hoto. Zare su ka duba ko robar ta yi ruwan ƙasa. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera akwatunan wuta a kanta, ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Mai mita zai iya aunawa yayin da na'ura ke kan aiki. Amma mita ba ta kama faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, don haka gwajin da ya fi tabbas shi ne a ɗaura wani akwatin mai kyau a gani. Akwatin kansa kada ka buɗe shi. Akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga bango.

Tunda murfi a buɗe yake, haska babban allo da tocila. 'Yan gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da furosesa, kansu a shafe ya kamata ya kasance. Wanda ya kumbura ko ya fitar da wani abu mai launin tsatsa ya mutu, kuma mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya canja shi.

Mataki na 7: RAM, BIOS da direba

Idan zafi da wuta sun fita, zare RAM, goge haƙoransa da alkol, mayar har ka ji ƙaf. Idan biyu ne, gwada kowanne shi kaɗai. Buga mdsched don gwajin Windows, ko ka bar MemTest86 ya kwana yana aiki. Kuskure ko ɗaya ne, RAM ɗin ko raminsa na da matsala. Shiga BIOS, wato shafin saitunan da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka mayar da komai yadda ya zo daga masana'anta, musamman a na'urar da wani ya taɓa ƙara wa gudu. Direban katin hoto a sauke shi daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel. Sannan danna Ctrl, Shift da Esc tare ka duba tagar da ke nuna abin da ke aiki a na'ura: idan ba ka buɗe komai ba amma furosesa na kan kashi 100, akwai abin da ke aiki a ɓoye, kuma manhajojin da aka fasa ake rabawa a filasha sukan zo da irinsa. A nan ne kaɗai goge Windows yake da ma'ana.

Idan aiki na jira kuma ba halin gyara yau

Mai biki ba ya jiran uzuri. Buga powercfg.cpl, shiga saitunan ci gaba na tsarin wutar da kake kai, nemo iyakar ƙarfin furosesa, ka sauke ta daga 100 zuwa 99. A na'urori da yawa wannan kaɗai yana hana furosesa yin ƙarin gudun da ke jawo mafi yawan zafi da jan wuta. Idan bai isa ba, sauka 80. Aikin zai daɗe, amma zai ƙare. Raba dogon bidiyo gida biyu ko uku, ka fitar da kowanne daban, kuma ka bar aikin sai bayan sallar asuba, lokacin da gari ya yi sanyi, wuta ma ta fi cika.

Idan duk an bi waɗannan tana nan tana mutuwa, saura babban allo ko katin hoto, kuma wannan aikin mai kayan aunawa ne. Tafi da cajarka, da fayil ɗin HWiNFO, da hoton allon kuskure idan akwai. Ka ce masa: “Malam, na share, na canja man, zafinta bai wuce 82 ba lokacin da ta mutu, na gwada wata caja, RAM ma ya wuce gwaji.” Ka nemi ya ɗora mata aiki mai nauyi a gabanka na aƙalla rabin awa kafin ka biya, kuma ka ce kada a taɓa faifanka sai da izininka.